Gyatsar Laka

Shekara talatin da biyu ina riƙe da mabuɗin ruwa a Saga,
tun Isa na da ƙiba, tana cin gaɓa da damina.
Karatu ɗaya Baba Hamani ya bar mini:
shinkafa ɗiyar ruwa ce, kar ka bari ta ga ƙafarta.
Na riƙe. Ban taɓa bari ta gani ba.

Da asuba in na ratsa fadama,
laka kan yi ɓul, ɓul,
kamar tukunyar da ke tafasa ba wuta.
Muna yara cewa muke kwaɗi ne ke hira a ƙasa.

Sai ga Barira, ɗiyar ƙanwata, ta dawo daga karatu
da takalmin roba har gwiwa
da guntun tiyo a hammata,
an huhhuje shi kamar gindin madambaci.
Ta kife kwalba kan kumfar, ta yi ta jira,
sannan ta ƙyasta ashana a bakinta.
Wata 'yar wuta shuɗiya ta lashi iska, ta mutu.
Na ja da baya.

Ta ce, Kawu, gonarka ce ke gyatsa.
Laka in ta daɗe ba ta shaƙi iska ba, cikinta ruɓewa yake,
abin da ta fitar ya hau sama ya zama bargo,
zafi ya shigo ya rasa ƙofar fita.
Na ce, bargo a Yamai, ga bazara? Wa ya aike shi?
Ta ce, mu, da wasu da suka fi mu laifi nesa ba kusa ba.
Na ce, to su fara.
Ta ce, su ba su da mabuɗin Saga.

Ta kafa tiyon tsakiyar fili, ta kwashe lakar cikinsa.
Rufe ƙofa, Kawu.
Kar ka buɗe sai ruwa ya nutse taƙi guda ƙarƙashin ƙasa.

Kwana biyar barci bai san idona ba.
Ƙasa ta fara darewa kamar diddige mai faso.
Saini, wanda muke iyaka da shi,
ya faɗa gaban taron manoma, ba a ɓoye ba:
Nomau ya tsufa,
yarinya ta sa shi yanka gona da ƙishirwa.
Ban tanka ba. Me zan ce?
Cikin dare na ɗauki tocila na tsuguna,
na leƙa ramin tiyon.
Can ƙasa ga ruwa, kwance, shiru,
da idona a ciki yana kallona.

Ran na shida na murɗa mabuɗi.
Kun taɓa jin ƙasa na sha?
Ni na ji, maƙwat, maƙwat, ta kowace tsaga.
Na tuge tushe ɗaya don in kama ƙarya,
na tarar da saiwa fara, doguwa,
ta bi ruwa har inda ya gudu.

Da shinkafa ta ɗauki ciki Barira ta ce, yanzu bar mata ruwa,
mai ciki ba a tilasta mata azumi.
Wannan kam ko Baba Hamani zai yarda.

Kaka ta zo.
Bara buhu arba'in da ɗaya,
bana arba'in da ɗaya da tiya bakwai.
Ba zan yi muku ƙari ba.
Sai dai famfo ya huta, takardar wuta ta rame,
sauro ya rasa inda zai yi biki.
Tattakar da muka saba cinna wa wuta
ta tafi Harobanda a amalanke,
shanun Altine suka maido mana ita taki.

Sama fa? Har yanzu da zafi.
Ban ga zare ɗaya ya zare daga bargon ba,
kuma ta gaya mini ba lallai in gani da idona ba.

Jiya bayan magariba Saini ya yi sallama,
yana sosa ƙeya, yana kallon katanga.
Wai ko akwai sauran tiyo,
mazubin ruwan kaji zai yi.
Na yanko masa kamu ɗaya.
Ban ce komi ba,
na dai sa ƙusa cikin garwashi
na miƙa masa kujera.